Tagar Kwalin Malam Sake

Shekara tara muna maƙwabtaka da Malam Sake a makaranta, abin da ya raba mu falanki ne kawai, falankin ma bai kai rufi ba. Ni malamar lissafi ce, ajina ne na ƙarshe a jerin azuzuwa. Nasa kuwa tun asali ba aji ba ne, sito ne da ake jibge karyayyun kujeru, aka kwashe rabi, aka tura rabi jikin bango, aka jera benci uku aka ce ga ajin masu koyon karatu. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a kunnena yake sauka, ko ina so ko ba na so. Don haka in na ce na san mutumin nan, da kunne na san shi. A shekara taran nan ban taɓa jan kujera na zauna mun yi hira ba sai a kwanakinsa na ƙarshe, kuma abin yana damuna har yau.

Yara ne suka raɗa masa sunan. Ba ya tsawa, ba ya riƙe bulala, in yaro ya karanta ba daidai ba sai ya ce, "Sake." In ya kuma kuskurewa, "Sake." Na taɓa ƙirgawa don neman magana, rana ɗaya kafin a tashi ya faɗi kalmar nan sau ɗari da goma sha huɗu, kuma ta ƙarshen ba ta fi ta farkon zafi ba. In yaro ya dace kuwa, ladarsa kalma ɗaya ce, "Madalla." Ba a samun madallarsa da arha, shi ya sa yaran suke rububinta.

Waɗanda ake tura masa su ne yaran da suka kai aji huɗu ko biyar ba su iya haɗa baƙi ba. Ɗakin baya muke kiran wurin, kuma da shi muke razana yara. "Ka ci gaba da wasa, ɗakin baya za ka ƙare." Ni ma na sha faɗin haka da ƙarfi, ina sane da cewa falanki ba ya riƙe magana. Bai taɓa nuna mini ya ji ba.

An tsara masa lokaci ta yadda yara ba za su rasa darasi ba, wato yana karɓarsu lokacin hutun tara da lokacin wasanni. Ka ga kenan sa'ad da muke ɗakin malamai muna shan shayi muna cin naman hedimasta, shi yana bakin aiki. Sa'ad da mu kuma muka shiga aji, shi yana zaune shi kaɗai. Ko kujera ba shi da ita a ɗakin malamai, ba don mugunta ba, ba wanda ya taɓa lura cewa babu. Hoton malamai da ake ɗauka ƙarshen shekara sau biyu ana mantawa da shi, sai da aka wanke hoton wani ya ce, "Af, ina Malam Sake?" Aka yi dariya aka wuce.

Abin da na tsinta na tarihinsa ba yawa. Malamin aji uku ne a da, aka ce ya riƙe ɗakin baya na wata uku kafin a turo ƙwararre. Shekara ashirin da biyu ƙwararre yana hanya. Matarsa ta rasu tun kafin na zo makarantar. Ɗansa direban babbar mota ne, sai ya yi wata huɗu bai leƙo ba, 'yarsa kuma tana aure a nesa, takan kira shi a waya ranar da yaranta suka bar ta ta numfasa. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan shagon wani tela. Kullum a ƙafa yake zuwa, da fulas ɗin shayi da rabin burodi a cikin tsohuwar jakar fata wadda hannunta ya tsinke ya ɗaure da waya.

Ka ce ai mutumin da ya buɗe wa ɗaruruwan yara ido ba zai rasa masu gaishe shi ba. Nan ne ka yi kuskure. Wanda ya bi ta ɗakin baya ba ya son a tuna masa. Wata rana na tarar da shi a kemis ɗin bakin titi yana sayen maganin ɗigawa a ido. Mai kemis ɗin, saurayi fes da farar riga, ya karanta takardar likita a tsaye tsaf, ya miƙo magani, ya ce, "Baba, sai na gaba," ko kallon fuskarsa bai yi ba. Da muka fito na ga Malam yana murmushi.

"Malama, kin ga yaron can? Wata bakwai muka yi da shi kafin ya raba harafin 'ba' da na 'da'. Yanzu dubi, har rubutun likita yake karantawa."

"Shi ne ko gaisuwa babu? Ɗan banza kawai."

"A'a, bar shi. Ai ba gaisuwa na koya masa ba."

Ni dai raina ya ɓaci har na isa gida, shi kuwa ya wuce yana kaɗa jakarsa.

Yanzu bari in faɗi yadda yake aikinsa, don a nan labarin yake. Malam ya ce yawancin yaran da ake kawo masa ba daƙiƙai ba ne, wayo ne ya yi musu yawa. Sun ji ana karanta littafi a aji sau ashirin, sun haddace, sun dubi hoto sun gane shafi, sai su ɗora yatsa suna zubawa, malami yana gyaɗa kai. Maganin wannan shi ne tagarsa. Kwalin sabulu yake samu ya yanka daidai faɗin shafi, ya huda 'yar taga a tsakiya da reza, wadda kalma ɗaya tak za ta leƙo. Sai ya rufe shafin da kwalin, hoto ya ɓace, layi ya ɓace, ya rage daga yaro sai kalma. Kuma ba daga sama yake farawa ba, daga ƙasan shafi yake hawa, don kada hadda ta yi wa yaro jagora. In muna aji shi yana zaune, ƙarar rezar nan a kan kwali nake ji, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera a sito.

Yana da magana guda da yake maimaita wa kowane sabon yaro: "Mai karatun gaske tuntuɓe yake yi. In na ji kana zuba kamar famfo, na san hadda ce. Tuntuɓenka nake so in ji."

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo masa Aku. 'Yar wani mai gyaran keke ce, shekararta sha ɗaya, siririya, da ido kamar na mage. Sunan ya bi ta ne saboda duk abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Shekara huɗu tana cikin na gaba-gaba a aji, har kyauta ta taɓa karɓa a kan karatu, sai ranar da wata sabuwar malama ta rubuta jimla a allo wadda ba ta cikin littafi ta ce ta karanta. Yarinya ta tsaya ƙiƙam, aji ya fashe da dariya. Washegari ta shigo ɗakin baya tana cika tana batsewa.

"Ni na iya karatu," in ji ta. "Kawo kowane shafi ka gani."

"To, bismilla," ya ce, ya ɗora kwali.

Ranar a ajina na zauna lokacin tara, na dakata da rubutu a allo ina saurare. Can na ji ta ce, "Cire wannan abin mana, Malam, ya rufe mini."

"Me ya rufe miki? Ga kalmar nan a taga tana kallonki."

Ranar kuka ta yi har aka kaɗa ƙararrawa. Bai lallashe ta ba, bai kuma kore ta ba. Da za ta fita ya ce, "Kan da ya ɗauke littafi shida bai gaza ɗaukar baƙi talatin ba. Gobe ki zo da wuri."

Zango biyu suka yi suna fafatawa. Ta gwada duk dabarun da ta sani, ta leƙa ƙarƙashin kwali, ta ƙirga layi da ido, ta sa ƙawarta ta raɗa mata. Duk ya kama ta, don ya ga irinsu kafin a haife ta. A hankali na fara jin muryarta ta canja, famfon ya ɗauke, tuntuɓe ya fara. Ranar da ta haɗa kalmar farko da kanta, "ma... ka... ran... ta," ta yi wani ihu har na miƙe tsaye a ajina. Ya ce, "Madalla." Sai na ji ta ce, "Malam, ƙara wata!" Daga ranar ta zama ita ke share ɗakin, ita ke jera benci, ita ke dukan duk wanda ya kira shi Malam Sake a gabanta.

Ni kuwa a 'yan watannin nan na ga wasu abubuwa ban ɗauke su bakin komai ba. Ƙarar reza ta daina. In mun haɗu a baranda ba ya gaishe ni sai na fara magana. Rijista ma yara ya koma ba wa su kira sunaye, wai don su saba. Wata rana na wuce ta ƙofarsa na ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi, yana zuba a kan tebur, na ce, "Malam, tebur ma ƙishi yake ji?" Ya yi dariya, na yi dariya, na wuce abina. Ashe idon ne ke tafiya. Littattafan ɗakin guda shida ne, shekara ashirin da biyu yana bin su daga ƙasa zuwa sama, ya san mazaunin kowace kalma. Sai ya koma ƙirga layi da babban yatsa, ya ɗora taga, ya saurara da kunne. Mai kama masu hadda ya koma hadda, ba wanda ya sani.

Ranar wata Talata lokacin tara, ina zaune a ajina ina duba jarrabawa, na ji ya ce, "Aku, karanta."

"Tu... kun... ya."

"Sake."

"Tu-kun-ya."

"Sake. Natsu ki duba."

"Tukunya, Malam."

"Sake."

Na ɗaga kai. Sai na ji ta ce, "Kujera," tas, ba gargada.

"Madalla."

Da aka tashi ina haɗa takarduna sai ga ta a bakin ƙofa rungume da littafi. Ta buɗe shafi ta ɗora yatsa. "Malama, don Allah wannan kalmar mece ce?"

"Tukunya."

"Ta samanta fa?"

"Kujera. Lafiya?"

"Lafiya lau. Na gode."

Ta juya ta tafi. Sai da na kai bakin titi abin ya faɗo mini. Yatsansa ne ya zame da layi ɗaya. Taga tana kan tukunya, shi a ransa tana kan kujera. Yarinyar ta karanta gaskiya sau uku ya ƙi karɓa, sai ta gane abin da mu manya muka kasa ganewa, domin ita ta san duk alamun mai riƙe littafi ba ya ganin abin da ke ciki. Ta lalubo kalmar da yake jira daga haddarta ta miƙa masa. Na tsaya a bakin titi kamar an dasa ni. Kuma in faɗi gaskiya, ban yi komai ba. Na ce ba ruwana, bakin da ya yi shiru ba ya jawo wa mai shi.

Sati uku suka biyo baya waɗanda ban taɓa jin ɗakin baya ya yi daɗin sauraro kamarsu ba. Aku ta tara sauran yaran ta tsara su. In yatsan Malam ya zame, ita za ta raɗa wa yaro kalmar da ake jira. Ba tuntuɓe, ba kuka, karatu yana gudu sumul. Har hedimasta ya wuce ya ji, ya ce a ɗakin malamai, "Kai, bana ɗakin baya ya yi abin kai." Ni kaɗai na lura madallar Malam tana raguwa, tana sanyi, har ya zama sai ya ɗan jima kafin ya furta ta.

Ranar Alhamis ta sati na uku ya sallami yara ya ce, "Aku, ke tsaya."

Na ajiye alli.

"Yaushe kika koma zuba?"

"Ban koma ba, Malam. Na iya ne yanzu."

"Wanda ya iya daban, famfo daban. Kunnena bai mutu ba tukuna. Ɗazu me taga ta nuna?"

Na ji ta hau jera benci.

"Tambayarki nake."

"Ba abin da ka ce ba ne, Malam," ta faɗa da ƙaramar murya. "Layin ƙasa ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar tukunya."

Na ji benci ya yi ƙara, alamar ya zauna. "Sati uku," ya ce. "Sati uku kenan ina mayar da ku inda na ɗauko ku."

"Malam, ba wanda zai sani, wallahi. Ni zan riƙa gyara maka tagar da hannuna. Ni fa shekara huɗu na yi ba wanda ya gane."

"Ni na gane. Kuma ƙananan nan da kike raɗa wa, wa zai raɗa musu ranar da aka rubuta a allo?"

Ta fashe da kuka. "In ka faɗa korarka za su yi. Ina za ka je? Gidanka ba kowa."

Shi ma ya san ba ƙarya ta yi ba, ɗakin nan mai benci uku shi ne kaɗai wurin da ake jiransa da safe. Can sai na ji ya ƙwanƙwasa falanki, abin da bai taɓa yi ba a shekara tara.

"Malama, na san kina ji."

Kunya ta rufe ni. "Ina ji, Malam."

"Taimaka ki raka ni ofishin hedimasta. Matakalar nan uku ba na ganinsu, kuma ba na so in faɗi a gaban yara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na kama hannun rigarsa muka ratsa filin makaranta. A hanya na ce ko za mu jira ƙarshen zango, ko za a gwada tabarau. Ya ce likita ya riga ya gaya masa tun bara, jijiyar ce ta tafi, ba ta dawowa. Tun bara yana ɗauke da wannan magana shi kaɗai, ni ina bayan falanki ina koyar da lissafin rabawa. Hedimasta ya saurare shi, ya cire hula ya sosa kai, ya ce dole ya rubuta wa na sama, amma Malam ya ci gaba da zuwa har amsa ta iso. A kwanakin nan ni nake shiga lokacin tara ina ɗora masa taga, shi yana saurare. Tuntuɓe ya dawo, "Sake" ta dawo. A kwana goma sha biyun da muka yi muna jiran amsa na sha shayin fulas ɗinsa sau goma sha biyu, na ji labarin matarsa, wadda ita ce ta fara yanka masa tagar kwali da almakashin ɗinkinta.

Ranar Juma'a masinja ya kawo ambulan ya ajiye a tebur. Na ɗauka zan buɗe, Malam ya ɗaga hannu. "A'a, Malama. Kira mini Aku."

Ta zo ta tsaya a gabansa. Ya miƙa mata takardar. "Wannan ba ta cikin littafi shida, ba wanda ya taɓa karanta miki ita. Ba taga, ba hoto. Bismilla."

Ta fara daga sama, tana ɗingishi a kan kowace kalma, kwanan wata, sunan ofis, gaisuwa. "Ba... yan... du-ba... ra-ho-ton... li-ki-ta..." Shi kuwa ya jingina da bango, ya lumshe idon da ba ya gani, fuskarsa kamar mai sauraron waƙa. Sai ta kai wani layi ta tsaya. Na ga leɓɓanta suna motsi ba sauti, ta karanta a zuci har ƙarshe. Ta ɗago ta dube ni, ta dube shi, ta share hanci da bayan hannu.

"An ce ka je ka huta na wata biyu, in ka samu sauƙi ka dawo bakin aikinka, ana jiranka," ta zuba tas, ko numfashi ba ta ja ba.

Malam bai buɗe ido ba.

"Sake."

"Malam..."

"Sake, 'yata. Tuntuɓenki nake so in ji."

Ta ɗora yatsa a kan layin. Hawaye yana ɗiga a takardar, tana gogewa da gefen riga don kada ya ɓata baƙin.

"An... yan-ke... sha-wa-rar... sal-la-mar... ka... daga... ai-ki... daga... ƙar-shen... wan-nan... wa-ta."

"Akwai saura?"

"Za... a... ru-fe... a-jin... har... a... sa-mu... ƙwa... ƙwa-rar-re."

Ya yi 'yar dariya a kan wannan kalma ta ƙarshe, ni kuwa na juya na fuskanci karyayyun kujeru don kada yarinyar ta ga fuskata. Ya laluba tebur ya ɗauko tagar kwali, wadda gefenta ya yi baƙi saboda yatsun yara, ya jefa cikin jakarsa, ya ɗora fulas a kai.

"Madalla," ya ce. "Koma ajinku, Aku. Kin gama da ɗakin nan, ni ma na gama."